Tafasa da Raiɗore da Sauran Dangin Wake

Itatuwa da ciyayi suna da dangi kamar yadda mutane suke da dangi. Akwai waɗanda suka haɗa kaka can nesa, akwai kuma waɗanda suke kamar wa da ƙane, har in ba a lura ba sai a kira wannan da sunan wancan. Cikin manyan dangogin tsire-tsire na duniya akwai wanda masana suke kira dangin wake. Irin tsiron da ke cikinsa ya kusa 20,000, kuma cikin dukan masu yin fure dangi biyu kaɗai suka fi shi yawa. Wake da gyaɗa da gurjiya da waken suya duk 'yan gidan ne. Haka ɗorawa da tsamiya da gawo da bagaruwa da ƙirya, ko da yake mai kallon tsamiya ba zai yi zaton tana da wata zumunta da waken da ke yaɗo a ƙarƙashinta ba.

Abin da ya tara su shi ne yadda suke yin 'ya'ya. Kowannensu yana jera ƙwayoyinsa cikin kwanso, watau irin 'yar jakar nan da ake ɓarewa a fid da wake. Kwanson wani siriri ne, na wani mai faɗi, na wani kuma a kumbure, amma tsarin ɗaya ne. Galibinsu kuma ganyensu ba falle guda ba ne. Tsinke ne wanda ƙananan ganye suka jeru a jikinsa dama da hagu, kamar yadda ake gani a tsamiya. Wajen fure kuwa sun rabu gida uku. Akwai masu fure irin na wake, wanda fallensa na sama ya buɗe kamar tuta, biyu suka tsaya a gefe kamar fukafukai, na ƙasa kuma suka haɗe kamar ɗan kwalekwale. Akwai masu fure a buɗe sarai, falle biyar kowane a ware. Akwai kuma masu fure a dunƙule mai gashi-gashi, irin na bagaruwa, da jan tuntun nan da ke reto a jikin ɗorawa da rani.

Da wuya a sami wurin da ya fi kudancin Kano dacewa da koyon wannan dangi. Matafiyin da ya baro birni ta hanyar Zariya, ya wuce ƙasar Bebeji, ya karya a Kwanar Dangora ta ƙasar Kiru, ya nufi Tudun Wada, zai ga daji yana sāke kama a gabansa. Ruwan sama ya fi yawa can kudu, saboda haka itatuwa suna daɗa tsawo da kauri har a shiga dajin Falgore, inda Kogin Kano ya ratsa kafin ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka gama ginawa a 1974. An keɓe dajin tun zamanin Turawa, cikin shekarun 1940, daga baya cikin shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji. Da yawa cikin manyan itatuwansa, irin su doka da maje da kawo da taura da madobiya, dangin wake ne. Daga nan har duwatsun Riruwai na ƙasar Doguwa tsire-tsiren arewa suna gamuwa da na kudu, har akan sami 'yan uwa biyu, ɗaya mai jure ƙishirwa, ɗaya mai son laima, suna tsaye kusa da juna. Amma ɗan makaranta ba ya bukatar shiga gandun, gama ba a shigarsa sai da izini. Abin da yake nema yana nan a bakin hanya, da bayan gari, da gefen gona.

Ba ɗan ƙauyen da bai san tafasa ba. Da an yi ruwa sau biyu ko uku sai ta rufe juji da makiyaya da bakin hanya, kore shar. Lokacin nan kuwa shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsin bara ya kusa ƙarewa, na bana ko kai bai fid da ba. Sai mata da 'yan mata su fita da ƙwarya su tsinko ƙananan ganyenta, a dafa, a tsiyaye ruwan, a matse, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri da albasa. Wasu su zuba a dambu ko a miya, wasu su shanya su ajiye saboda rani. Sunanta ma yana tuna wa mai girki abin da za ta yi mata, gama ba a cinta ɗanya. A shekarun yunwa gidaje da yawa da ita suka ga kaka. Mutanen Cadi da na yammacin Sudan suna da tasu dabara: su daka ganyen, su tusa a tukunya, su binne kamar mako biyu, sa'an nan su fid da shi su shanya. Suna kiransa kawal, suna sa shi a miya kamar yadda ake sa daddawa a ƙasar Hausa.

To, tafasa tana da wani ɗan uwa na kusa ƙwarai, wanda yake fitowa inda take fitowa, a lokacin da take fitowa. Shi ne raiɗore, wasu kuma su ce sanga-sanga. Tsayinsu kusan ɗaya, daga gwiwa zuwa ƙirjin babban mutum. Furensu rawaya ne, a buɗe, falle biyar, kowannensu kuma yana yin dogon kwanso. Mai wucewa a kan keke ba zai raba su ba. Amma Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Tafasa abinci ce, raiɗore kuwa magani ne a hannun wanda ya san shi, guba a bakin wanda bai sani ba.

Ga yadda ake raba su. Da fari a kama ganye guda, watau tsinken gaba ɗaya, a ƙidaya ƙananan ganyen da ke jikinsa. Na tafasa shida ne, uku dama uku hagu, da wuya su wuce haka. Na raiɗore takwas ne ko goma, wani lokaci har goma sha biyu. Sa'an nan a dubi siffar kowane ɗan ganye. Na tafasa ya tsuke daga gindi ya buɗe daga baki, bakin kuma a kewaye yake kamar na cokali. Na raiɗore ya buɗe daga gindi ya tsuke daga baki, ya ƙare da tsini kamar kan mashi. Wannan ita ce shaidar da ta fi kowace ƙarfi, domin tana nan tun tsiron yana ƙarami har ya tsufa. Launi ma yana taimako. Ganyen tafasa kore ne mai haske, mai laushi a hannu. Na raiɗore kore ne mai duhu, mai sheƙi, sau da yawa kuma karansa da tsinken ganyensa jaja-jaja ne.

Akwai wata ƙaramar shaida wadda sai mai ido yake ganinta. Kowannensu yana da ɗan ƙullutu kamar ƙurji a jikin tsinken ganye, wanda yake tsatso wani ruwa mai zaƙi har tururuwa su riƙa hawa suna sha. A raiɗore ƙullutun yana can gindin tsinke, daf da inda ya manne da kara, a dunƙule, baƙi-baƙi. A tafasa kuwa sai an hau sama kaɗan, tsakanin ƙananan ganye biyu na farko, za a same shi, ɗan siriri a tsaye. Yaron da ya taɓa gano wannan abu da kansa ba ya mantawa.

Bayan ido sai hanci. A tsinki ganye a murje tsakanin yatsu a sansana. Gaskiya ne tafasa ma tana da ɗan warinta, amma na raiɗore ya fi shi nesa ba kusa ba, wari ne mai hawa kai, ba ya kuwa barin hannu da wuri.

In damina ta yi nisa har kwanso ya fito, to, magana ta ƙare. Kwanson tafasa siriri ne, tsawonsa ya kusa taƙi, ya lanƙwashe ƙasa kamar lauje. Ƙwayoyinta masu kusurwa ne, masu sheƙi, ruwan ƙasa, sai ka ce an yanka su da wuƙa a karkace. Kwanson raiɗore bai kai wancan tsawo ba, kuma a shafe yake, mai faɗi, yana ɗan karkata sama. In ya bushe tsakiyarsa ta yi duhu, gefensa biyu su yi haske. Ƙwayoyinsa a danne suke, dusu-dusu, ba sheƙi.

Amma fa ga inda wuyar take. Ba a tsinkar tafasa lokacin da ta yi fure ko kwanso, gama a sa'an nan ganyenta ya yi tauri ya yi ɗaci. Ana tsinkarta tana ƙarama, ba ta wuce taƙi ɗaya ko biyu daga ƙasa ba. A wannan lokaci babu fure, babu kwanso, ƙidaya ma tana iya ruɗar mutum, domin ganyen farko na raiɗore sukan zo da ƙananan ganye huɗu ko shida kaɗai, daidai da na tafasa. Su biyun kuma sukan fito a cakuɗe a juji ɗaya. Saboda haka yarinyar da aka aika tsinko ganye ba ta da abin dogara sai bakin ganyen da warinsa. Mai baki a kewaye ta sa a ƙwarya, mai tsini ta bar shi. Ya fi kuma a yi tsinkar da rana tsaka ko da hantsi, gama in yamma ta yi tafasa takan naɗe ganyenta ta yi barci, siffarsu ba ta fita sosai. Tsofaffin mata suna yin wannan aiki suna hira, ba sa ko duban hannunsu, amma shekaru ne suka koya musu.

Me zai faru in an yi kuskure? Ganyen raiɗore kaɗan cikin kwaɗo yana ɓata shi da ɗaci, yana kuma iya kawo murɗar ciki da gudawa. Mugun abin yana cikin ƙwayoyin. A ƙasar Indiya, a wajen garin Saharanfur na jihar Uttar Pradesh, an yi shekaru da dama ƙananan yara suna kamuwa da wata cuta kowace shekara bayan damina. Yaro ya fara da amai da zazzaɓi, ya fita hayyacinsa, ya suma, da yawa kuma ba su farfaɗo ba. Da fari an yi tsammanin wata annoba ce mai kama ƙwaƙwalwa. Sai likitocin yara na ƙasar suka bi diddigi gida-gida, a 2007 suka bayyana cewa yaran suna ɓare ɗanyen kwanson wannan tsiro suna cin ƙwayoyin, su ne suke lalata musu hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa. Galibinsu 'ya'yan talakawa ne, waɗanda aka bari suna wasa a bayan gida da yunwa a cikinsu. Raiɗoren Indiya kuwa shi ne raiɗoren Tudun Wada, ba wani bambanci. Don haka wajibi ne ga yaro babba, in an ba shi renon ƙanensa, ya hana shi wasa da kwanson, ya kuma tuge wanda ya fito kusa da gida tun bai yi 'ya'ya ba. In har an ga yaro ya ci, a kai shi asibiti nan da nan, a tafi da kwanson a nuna wa likita, kada a tsaya jiran a ga abin da zai biyo baya.

Dabbobi ma ba su tsira ba. Shanu da awaki ba su cika kula ɗanyen raiɗore ba, warin yana korarsu. Amma in ƙwayoyinsa suka shiga cikin hatsi ko dusa, kaji da shanu su ci, sai ƙafafunsu su mutu, su kwanta su kasa tashi. Ƙwayoyin tafasa ma ba abincin kaji ba ne, suna cutar da su in sun yi yawa, ko da yake 'yan kasuwa suna sayensu su kai ƙasashen waje, inda ake fid da wani irin ƙaro mai kaurara abinci daga cikinsu.

Duk da haka ba a ce raiɗore ba shi da amfani ba. Masu maganin gargajiya suna dafa ganyensa don surace da wanka, mutanen Senegal kuma sun daɗe suna soya ƙwayoyinsa ƙurmus su dafa su sha maimakon gahawa. Wannan aikin manya ne waɗanda suka san gwargwado, ba abin da yaro zai kwaikwaya ba ne. Zazzaɓin cizon sauro kuwa maganinsa yana asibiti.

Wani abin mamaki shi ne, su biyun nan da suka cika kowane juji baƙi ne. Masana sun ce asalinsu daga ƙasashe masu zafi na nahiyar Amurka ne, suka bazu cikin duniya tun ɗaruruwan shekaru, har suka zama 'yan gari, aka raɗa musu suna da Hausa.

Suna da sauran 'yan uwa masu furen rawaya, amma waɗannan ba su da wuyar ganewa. Filasko shi ne ya fi kama da tafasa, domin ƙananan ganyensa ma a kewaye suke daga baki. Sai dai sun fi shida yawa, launinsu toka-toka, shi kansa kuma gajere ne mai bajewa a ƙasa. Kwansonsa gajere ne, falale kamar takarda, a lanƙwashe kamar ƙoda, da 'yan tudu a jere a tsakiyarsa. Ya fi son rairayin arewa, mutanen kudu sun fi ganinsa busasshe a tabarmar mai magani, gama maganin wankin ciki ne mai ƙarfi. Runhu ƙaramin itace ne, yana fure da rani sa'ad da tafasa ta daɗe da bushewa. Marga ta fi shi girma, furenta yana reto zara-zara da bazara, kwansonta kuma baƙi ne, mulmulalle kamar sanda, tsawonsa ya kai kamu ko ya fi. Sai biya-rana, wadda launinta kaɗai yake ruɗi. In an duba furenta irin na wake ne, mai tuta da fukafukai, kwansonta kuma a kumbure, in ya bushe aka kaɗa sai ya yi ƙara kamar caki. Ita ma tana da dafi mai lalata hanta, dawaki sun fi shan wahalarta.

A nan ya kamata a faɗi yadda masana suke sa wa tsire-tsire suna. A 1753 wani masani mutumin Suwidin, mai suna Liniyas, ya buga littafin da ya ba kowane tsiro suna biyu, na gidansu da na kansa, kamar yadda ake rubuta sunan yaro da na mahaifinsa a rajistar makaranta. Ya sa tafasa da raiɗore a gidan da ya kira Cassia, daga baya aka tara filasko da runhu da marga a wannan gida. A 1982 waɗansu masana biyu a Amurka, Irwin da Barneby, suka sāke duba furen da kyau, suka ga gidan ya haɗa waɗanda ba uwarsu ɗaya ba, suka raba shi. Marga ta zauna a Cassia, sauran huɗun suka koma gidan Senna, kalmar da Turawa suka aro daga Larabci. Tun kafin wannan, wani likita Bature mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya bi manoma da makiyaya da masu magani yana tambayarsu sunayen itatuwa, a 1916 ya buga littafin sunayen tsire-tsire na Hausa tare da na masana. Mai duba irin wannan littafi zai ga sau da yawa inda Bahaushe ya sa suna biyu, masana ma iri biyu suka samu. Manomin da bai taɓa riƙe alƙalami ba ya riga ya raba tafasa da raiɗore da filasko tun kaka da kakanni.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani sai an tona. In an tuge wake ko gyaɗa a hankali aka wanke saiwar, za a ga 'yan ƙullutai kamar ƙwayar gero ko ta dawa sun manne a jikinta. Cikinsu akwai waɗansu halittu ƙanana ƙwarai, waɗanda suke kama wani sashe na iska su mai da shi taki. Shi ya sa gonar da aka yi wake bara takan yi wa dawa kyau bana. A tuge tafasa ko raiɗore a duba, ba za a sami ko ɗaya ba. Ashe ba kowane ɗan dangin wake ne yake gyara ƙasa ta wannan hanya ba.

Wani lokaci kuma suna ɗaya yakan rufe iri biyu. Kalgo shi ne misali. Kowa ya san ganyensa mai tsaga a tsakiya kamar sawun raƙumi, da ɓawonsa da ake yin igiya, da kwansonsa mai tauri da shanu suke so da rani. Amma kalgo biyu ne. Na arewa, wanda ya cika saurukan Kano da Katsina da Maraɗi, ganyensa ƙanana ne, toka-toka, sumul gaba da baya. Na kudu ya fi girma, ganyensa manya, in an juya bayansu aka shafa sai a ji gashi mai laushi, launin tsatsa, ɗanyen kwansonsa ma haka. A ƙasar Tudun Wada da Doguwa ana samun duka biyun, yatsa kaɗai ya isa ya raba su. In kuma aka ga kalgo ya girma shekara da shekaru ba ya 'ya'ya, kada a ce masa juya, gama a kalgo akwai itace namiji akwai tamace, namijin fure kaɗai yake yi. Ƙanwarsu jirga, wadda ake kuma kira tsattsagi, ganyenta irin nasu ne mai tsaga, sai dai bai fi farcen babban yatsa ba, kwansonta kuma baƙi ne a murɗe.

Sai baba, wanda ya ɗaukaka sunan Kano a duniya. Da shi ake yin shuni, da shuni marinan Ƙofar Mata da na Kura suka rina turkuɗi da rawunan da Buzaye suke saye. Bature matafiyi Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda rinannen tufafin ƙasar yake kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Tun da aka fara sayar da shunin kanti a Jamus a 1897 noman baba ya yi ta ja da baya a duniya, amma har yanzu ana samunsa a tsofaffin gonaki da kufai. Ɗan ƙaramin itace ne, ƙananan ganyensa a jere biyu-biyu da guda ɗaya a can ƙarshen tsinke, abin da tafasa da raiɗore ba su da shi. Furensa ƙanana ne, jaja-jaja, irin na wake, kwansonsa kuma 'yan sirara ne masu kallon ƙasa, a cunkushe.

Baba yana da 'yan uwa na daji masu yawan gaske, galibinsu kuwa ba su ba da shuni. Ɗaya daga cikinsu gashi ya rufe shi duka, har Hausawa suka sa masa suna ƙaiƙayi-koma-kan-masheƙiya. Marini ba ya wahala wajen gane nasa. In an shanya ganyen baba na gaske yakan rine ya yi baƙi-baƙi mai shuɗi, in kuma aka jiƙa ɗanyensa ya kwana, aka kaɗa ruwan da safe, sai kumfar ta yi shuɗi. Akwai kuma wani gida na kusa, gidan majimfa, wadda ake dakawa a zuba a ruwa kifi su bugu su taso, abin da doka ta hana, gama yana kashe manya da ƙanana. Majimfa kanta ba ta ɓuya, doguwa ce mai gashi, mai manyan fure. Ƙananan 'yan uwanta na saura su ne suke kama da baba. Dabarar raba su tana da daɗin gwadawa. A kama ɗan ganye guda da hannu biyu, a ja gindi da baki har ya tsinke. In na gidan majimfa ne zai rabu da tsini, ɓari ɗaya kamar kan kibiya, ɗayan kamar gindinta, domin jijiyoyinsa a jere suke a karkace. In na gidan baba ne sai ya yage barkatai.

Ba za a bar maganar dangin wake ba a ambaci idon zakara ba, saboda yara suna son ƙwayoyinsa. Tsiro ne mai hawa shinge da itatuwa, ganyensa kamar na tsamiya, ƙwayoyinsa ja wur da ɗigon baƙi a gefe ɗaya. Minjirya ma, wadda ake dasawa a shinge, tana da jajayen ƙwayoyi, amma ita itace ce mai ƙaya, ganyenta uku-uku, ƙwayoyinta kuma ba su da baƙin ɗigon. Ko wanne ba ya shiga baki. Idon zakara kuwa, ƙwaya guda in an tauna ta tana iya kashe mutum.

Ajin da yake son ya riƙe wannan ilmi yana iya tara littafinsa na ganye. A farkon damina a tsinko reshen tafasa da na raiɗore, a shimfiɗa kowane tsakanin tsofaffin jaridu, a ɗora katako, a danne da dutse. Kowace rana a sāke jaridar, in ba haka ba ganyen zai yi fumfuna. Bayan kamar kwana goma, in sun bushe, a manna su gefe da gefe a takarda mai kauri, a rubuta sunan kowane, da ranar da aka tsinko shi, da wurin da aka same shi, ko juji ne, ko fadama, ko gefen dutse. A bar fili a ƙasan takardar. Cikin watan Satumba ko Oktoba a koma wurin nan a ɗebo fure da kwanso a cika filin. Ƙwayoyin kuwa a zuba su a kwalba mai murfi, malam ya ajiye a inda 'yan aji ɗaya ba za su kai hannu ba.